Shafi na Goma Sha Ɗaya

Ni ban yi boko ba.
Jarida a wurina abin naɗe ƙosai ce.
A kilo nake sayenta wurin Kwaku a Kejetiya,
ba ruwana da kwanan wata, mai kawai za ta sha.

Ran wata Talata a Aboabo, ruwa na dukan kwano,
na yagi shafi zan ƙunsa na sidi biyar,
sai ga fuskar Mutawakilu a tafin hannuna.
Hoton ranar karɓar digiri ne.
Sun yanke ni daga gefensa,
sun bar bakin mayafina a kafaɗarsa.

Ashe labarin ya kwana goma a gari,
ni ce ta ƙarshen ji.
Ashe shi ya sa koko ke kwana a tukunya.

Wani ɗan makaranta ya karanta mini,
yana haɗiye rabin kalmomin don kunya:
ɗaliba, ofis a jami'a, ƙofa a kulle,
da sunan ɗana, har da na ubansa da ke kabari.

Aka dakatar da shi.
Rediyo ta ɗauka, har cikin motar haya ana tafka shi.
Gidan su Ramatu suka maido goro.
A masallaci ba wanda ya ce komai,
sahu ne dai ya riƙa yin faɗi kusa da shi.
Suka ce ruwa ba ya tsami banza.

Daren da suka ambata
yana babban asibiti, a kan benci,
riƙe da ledar ruwan da ake ƙara mini.
Akwai takarda, akwai sa hannu.
Kiran waya ɗaya ya isa.
Ba su kira ba.

Bayan wata bakwai suka janye.
Shafi na goma sha ɗaya, can ƙasa,
ƙarƙashin tallar maganin basir:
muna ba da haƙuri.
Na yanke wurin da almakashi, na gwada.
Bai isa naɗe ƙosai ɗaya ba.

Yanzu lauya ya shigar da ƙarar ɓata suna.
Ya rubuta kuɗi, sifili na bin sifili kamar 'yan tsaki.
Ni da mudu na san awo.
Da me alƙali zai auna sallamar da ba a amsa ba?
Sau huɗu ana ɗage zama.
Editan kan zo da farar riga, ya gaishe ni da ladabi,
ya ce kuskure ne, Hajiya, aikin gaggawa.
Ban je Makka ba, shi ma wannan bai bincika ba.

Ita yarinyar ban taɓa ganinta ba.
Na tsine mata wata bakwai cur.
Sai lauya ya ce a faifan hirar
ta ce duhu ne, ta ce ina jin kamar shi ne,
mai rubutu ya share kamar ɗin
don kanun labari ya zauna daidai.
Tun ranar bakina ya mutu.
In wani abu ya same ta a ɗakin nan,
mai shi yana nan yana shan iska,
an wanke shi da ruwan da aka wanke ɗana.

Makon jiya Memuna 'yar Hawawu ta dawo daga makaranta
tsakiyar zango, ba jaka, ba magana.
Uwar ta zo sayen koko, ta daɗe tsaye.
Ta ce wa za mu gaya wa yanzu?
Za su ce ga wata kuma.
Za su ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Na cika mata kwano, ban karɓi kuɗi ba,
ban kuma iya duban idonta ba.

Mutawakilu na gyaran waya a Adum.
In an tambayi sunansa, rabi yake faɗa.

Na koma naɗi da takardar siminti.
Gobe kotu, ƙarfe tara.
Na dai jiƙa wake.