Bayan Ƙyalle

Minti arba'in hoton ya yi a duniya.
Rayén ta ɗora shi bayan cin abincin dare,
ta zauna a matakala tana ƙirga zukata.
Goma sha ɗaya, suka cije.
Ta goge.
Ni kuwa Ximena, uwar da aka hana leƙe,
na riga na adana shi a tawa wayar
mai tsagaggen gilashi.

Gidanmu na can ƙolin tudu a Valparaíso,
inda gishirin teku ke cin kwanon rufi,
jiragen ruwa na kuka a ƙasa kamar shanu.
A bakin taga na ɗame ƙyalle a zoben katako,
na lashi zare, na zura.

Wata huɗu.
Gashinta kaɗai ya ci baƙi iri uku.
Goshin, sau biyar ina warwarewa,
don waya ta shafe mata ƙuraje,
ta mai da fatar sumul kamar tangaran,
ni ko na san mazaunin kowane ɗaya.
Na mayar da su, ƙulli-ƙulli, da jan zare.
Na mayar da tabon haɓa
na ranar da keken Baltasar ya kayar da ita
tana 'yar shekara shida, ba haƙoran gaba.

A sama na ɗinka lokaci, sha ɗaya da kwata,
da caji saura kashi huɗu, ja wur.
A ƙasa, maganar wata Josefa 'yar ajinsu:
"hancin nan fa"
da fuskar nan mai dariya har da hawaye.
Kafin ƙiftawar ido ta rubuta.
Ni kwana biyu na yi a kai,
ina sukar kowane harafi
da ƙarfin da ya wuce na ɗinki.

Ran wata Lahadi tana neman caja
ta buɗe kwandon zare.
"Wa ya aike ki?"
Ƙofa ta bugu har hoton kakarta ya karkace.
Kwana uku ba uffan.
Na aika saƙo daga kicin zuwa ɗaki,
taku bakwai tsakani,
na zuba ido:
ɗigo uku suna rawa,
su ɓace,
su dawo,
su ɓace.

A na huɗu ta fito da rigar barci,
ta ɗauki zoben, ba ta dubi fuskar ba,
ta juya shi.
Can baya babu hanci, babu murmushi,
sai cukurkuɗe, ja ya hau kan baƙi,
jelar zare na reto,
da ɗan jinina da ya bushe ya koma ƙasa-ƙasa.
Ta daɗe.
Ta ce, "Nan ne ya fi kama da ni."

Haka aka rataye shi a tsohon sito na bakin tasha,
ba a jikin bango ba,
a tsakiya, da igiyar kamun kifi,
yana juyi duk sanda aka buɗe ƙofa.
Sa'o'inta suka zo da kayan makaranta,
kowa ya ɗaga waya.
Na yi dariya ni kaɗai:
abin da na kwato da bakin allura
ga shi yana komawa inda ya fito.
Josefa ma ta zo. Ta karanta. Ta sosa wuya.
Ba ta ɗaga tata ba.

A hanyar gida, cikin tsohon keken hawa tudu
mai kukan ƙarfe,
Rayén ta ce, "Kina da ruwan toka?"

Yanzu akwai wani zobe a kan gadonta,
farin ƙyalle, fili fetal.
Ta ɗinka ɗigo biyu, karkatattu.
Na ukun yau sati ke nan,
allura na soke a wurin, zare na jira.
Ina wucewa da wanki, in saci kallo.
Ban tambaya ba.