Turaku Arba'in

Ruwa yake zuba a Suba tun asuba.
Na buɗe ɗakin karatun majalisa,
na jingine lema, na kunna kwamfuta,
sai ga tsoho a ƙofa, zanensa ya jiƙe har gwiwa.

Sakiusa sunansa.
Kwana da yini ya yi a cikin jirgin ruwa,
tsakanin buhunan rogo da busasshiyar kwakwa.
Ya ce, "'Yata, an ce komai na nan a rubuce.
Nemo mini inda aka yi zancen gadarmu,
wadda jirgi zai riƙa tsayawa."

Na rubuta gada. Allo ya amayo dubu uku.
Na rubuta sunan tsibirinsu, shiru.
Na cire harafi, na liƙa wani,
don mai ɗaukar magana ɗan birni ne,
yadda kunnensa ya ji haka ya zuba.
Sai ga ta ta fito, shekara tara baya,
wata Talata bayan azahar,
zaman kwamitin bin diddigin kuɗin jama'a.

Na karanta masa a hankali.
Mai binciken kuɗi, Sushila Goundar, ta ce:
takarda ta ce turaku arba'in,
baitulmali ya biya na arba'in,
ni kuwa na jira ruwa ya janye,
na tuɓe takalmi na shiga,
na dafa su ɗaya bayan ɗaya,
goma sha biyu hannuna ya taɓa.

Tsoho ya buga cinya.
"Ni na kai ta! A kwale-kwalena!
Ta yi amai sau biyu kafin mu isa,
ni na riƙe mata littafin kada ya jiƙa."

Wani ɗan majalisa ya ce: ina ashirin da takwas?
Babban sakatare ya ce: teku ta ci.
Ta ce: teku na cin itace, ranka ya daɗe,
amma ba ta cin abin da ba a kafa ba.
Nan akawu ya buɗe baka biyu,
ya saka kalma ɗaya a tsakani: dariya.
Shugaba ya ce a kawo amsa a rubuce
cikin kwana goma sha huɗu.
Aka tashi shan shayi.

Kwana goma sha huɗun nan na bi su da ƙafa.
Na hau tsani, na sauko da kundi huɗu,
masu warin gansakuka da gishiri.
Shekara ta biyu, sakin layin na nan yadda yake.
Ta uku, ya rame, layi uku.
Ta huɗu, aka rushe majalisa aka yi zaɓe,
sababbin mutane, sababbin kujeru,
tambaya ta kwana a shafi ɗari biyu da shida
ba wanda ya tashe ta.

Ya yi shiru, yana murza hularsa.
Can ya ce, "Ran da ciwon Vasemaca ya tashi,
goya ta na yi, ruwa har ƙirji,
jirgi na can nesa yana busa mana."
Ban tambaye shi ko sun isa ba.

Shafi biyar na buga masa.
Ya laluba aljihu, na ce a bar shi.
Ya naɗe su cikin ledar burodi,
ya cusa a ƙirji ƙarƙashin riga.
Na rubuta masa lambar ɗakin akawun kwamiti,
hawa na biyu, ƙofa ta uku a dama,
na ce ranar Laraba suke zama,
kuma kowa na iya shiga ya zauna.

A bakin ƙofa ya juyo.
"In kin ga yarinyar nan, ki gaishe ta.
Ki ce ta gyara lissafinta,
sha biyun ma yanzu saura tara."

Na koma gaban allo.
Akwai gurbin kwanan wata, akwai na suna,
akwai na kalmar da kake nema.
Na duba sama da ƙasa,
ban ga inda zan rubuta tara ba.