Littafin Sa'o'in Barira

Ni ne ƙanen da ya riƙe mata takalma
ran da ta haye katangar filin jirgi,
tana 'yar tara, ta bar mini farantin ƙuli.
Ta leƙo ta ce, "Ɗan'inna, ji ƙamshin man nan!"
Ni ban ji komai ba sai tarin mai gadi.

Babanmu Mijinyawa awon gujiya yake,
a gindin sikelinsa ta koyi lissafi:
kilo nawa jaki ke ɗauka kafin ya durƙusa.
Daga baya ta ce mini jirgi ma jaki ne,
fiffike kawai ya fi shi,
in ka zalunce shi da kaya, sai ya kwanta.

Takardar gwaji ta zo daga Yamai
da sunan Bariru a kai,
magatakarda bai zaci mace ba ce.
Ba ta gyara ba. Ta ninke ta sa a jaka.
Da aka kira Bariru cikin maza arba'in
sai ta miƙe, ta gyara kallabi.

Shekara huɗu, wasiƙa bakwai.
Jajayen awakin Inna suka bi kuɗin mota
ɗaya bayan ɗaya, har turke ya yi shiru.

Ran dawowa ba ta sauka kai tsaye ba.
Ta kewaya Bagalam sau uku, ƙasa-ƙasa,
har shanya ta tashi daga igiya.
Inna na daka, ko kai ba ta ɗaga ba,
ta ce, "Ku gaya mata fura ta kusa."
Amma na ga taɓarya ta kuskure turmi.

Shekarar fara, tun asuba take tashi,
Tasawa, Mayahi, ta ɓulla Dakoro,
ta dawo gilashi ya yi kore da gawar ƙwari.
Shekarar sanƙarau, allura cikin ƙanƙara,
ta sauka inda babu fili,
sai fitilun ƙauye da aka jera a fako
da wani tsoho mai kaɗa rawaninsa.

Sau ɗaya inji ya mutu mata
bisa tafkin Madarumfa.
Ta lallaɓa shi kamar mai goyon mara lafiya
har gonar rogo a Jiratawa.
Mai gona bai tambayi lafiyarta ba,
ya ƙirga kunya goma sha ɗaya.
Ta biya shi. Har yau suna gaisawa.

Yana ce ta sauko da ita, a idon hagu.
Likita ya faɗa, ba ta yi gardama ba.

Yanzu tana zaure, awaki sun koma turke.
Maƙwabta kan tambaye ta ko hadarin gabas na ruwa ne,
ta shinshina, ta ce su kwashe shanya.
'Yan mata uku na zuwa da yamma da alli,
tana ba su buhu da jaki su auna.

Jiya ta miƙo mini littafin sa'o'inta
in karanta mata shafin ƙarshe.
Dubu shida da ɗari biyu da sha huɗu.
A ƙasa, da hannunta: an sauka lafiya.
Ta ce, "Ka tsallake Jiratawa."
Na ce ban tsallake ba.
Ta yi dariya, ta ce in miƙo mata takalmanta.