Gigita

Raliya ta ɗago kai daga littafin Turancinta,
fitila na shan sauran kalanzir:
"Baba, wannan kalma ta gagare ni.
Malam ya ce tsoro ne, amma wai ya wuce tsoro."

Ni da ban san boko ba, sai keken ɗinki,
na ce: ajiye alƙalamin tukuna.

Kina shekara uku, a kasuwar Gadarif,
da kakar riɗi,
uwarki ta saki hannunki
don ta ƙirga canjin albasa.
Ta waiga. Wayam.

Tabawa, wadda ko dariya sai ta rufe baki,
ta keta rumfuna kamar wuta ta kama zaninta.
Takalmi ɗaya ya tsinke, ba ta sani ba.
Larabcin da ta tashi a ciki ya gudu daga bakinta,
da Hausar kakarta take kurma wa dillalai ihu.
Ta cakumi wuyan jallabiyar wani direba,
ta leƙa cikin tulun mai shayi.
Tulu fa, Raliya! Ina ke, ina tulu?

Ke kuwa kina bayan buhuna
kina lasar riɗi a tafin hannu.

Da ta gan ki, ba ta rungume ki ba.
Ƙasa ta zauna, tana duban ƙafarta mai jini
kamar ta aro ce.

Mu, gigita muke ce mata.
Rubuta haka.
In Malam ya zizara miki jan biro,
ki turo shi wurin uwarki.