Lamba Ta Sha Tara

Mun bar Maraɗi ladan bai sauko ba,
motar Barmo na tari kamar tsohon da ya kwana a sanyi.
A baya raga biyu, kwalabe ashirin,
da akwatin allurai na Malam Nomau.
Ni biro aka ba ni, da kaye mai bangon shuɗi:
rubuta wuri, rubuta rana, rubuta sa'a,
kada ka rubuta abin da ranka ya faɗa.

A bakin tafkin Madarumfa muka fara tsayawa.
Zalɓe na tsaye da ƙafa guda cikin ruwa
kamar mai jiran bashi tun bara.
Kirinjijiya suka tashi garke guda suna fito,
na ƙirga arba'in, na ɓata, na sake daga fari.
Barmo ya ce, rubuta "da yawa", Allah ya san adadi.

Malam ko kai bai ɗaga ba.
Yana durƙushe a gindin kalgo
yana lallaɓar jan mazari
kamar mai bikon wanda ya yi fushi da shi.

Ni dai giwa na zo gani, ban ɓoye ba.
A bakin dajin Baban Rafi
tsoho Ɗan Tambai ya ja ni wurin wani marke,
ya ɗora tafina a kan tabon ɓawonsa,
can sama, sai da na yi ɗage.
Ya ce, nan ta yi susa
shekarar da aka haifi autana.
Na ce, autan yana ina?
Ya ce, yana Tasawa, ƴaƴansa uku.

Abin da muka gani da rana:
jan biri guda a kan kanya, ya juya mana baya,
guza ta ja layi a yashi ta shige rami,
burtu biyu suna taku kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa,
sai wutsiyar wani abu cikin sabara.
Barmo ya rantse dila ne. Na rubuta: wutsiya.

Tsahara mai soyayyar fara ta leƙa kwalabenmu,
ta ce, fara nawa kuka kama tun safe?
Na ce, huɗu.
Ta yi dariya har tire ya karkace,
ta ce, ni kafin hantsi na cika tiya biyu,
kuma tawa da yaji.
Malam ya saya ta dala ashirin,
yana ci yana faɗin sunan kowace da Latananci.

Da dare muka rataye farin ƙyalle,
muka kunna fitila a bayansa.
Kai! Ashe dajin bai mutu ba, ƙanƙancewa ya yi.
Ƙoƙi-ƙoƙi ta zo da hannu a naɗe,
shinge suka zubar da fukafukai kamar ƙaiƙayi,
hangara ta yi mini sa hannu a wuya,
har yau tabon yana nan.

Da asuba na sami buzuzu a turbar shanu,
kai ƙasa, ƙafa sama, yana tura dunƙulensa da baya,
ya faɗa rami, ya fito, ya hau kai ya duba gabas,
ya ci gaba.
Ɗan Tambai ya ce, kakanninsa kashin giwa suka tura,
shi ga abin da ya samu, kuma bai bar sana'a ba.

Malam ya miƙo kwalba da auduga mai wari.
Na sa shi ciki. Na ji farcensa a jikin gilashi.
Malam ya juya neman allura.

A kaye, shafi na shida, da hannuna:
lamba sha tara, buzuzu, Baban Rafi, shida da rabi,
ya tsere.
Malam ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce, murfin kwalaben nan dama ba su da kirki.