Bututun da Ya Ratsa Katanga

A Jekadafari, a gidan da Baffa ya bari,
an raba ɗakuna, an raba rijiya,
har bishiyar lemun tsami an ja mata igiya.
Akwatunan gilas biyu ne suka gagari rabo.
Da magini ya iso da bulo da siminti
ya tsaya gaban bututun yana sosa ƙeya.
Gidado ya ce, "Bar shi."
Ni ma na ce, "Bar shi."
Rabon da bakinmu ya zo ɗaya ke nan.

Katanga ta tashi, ta bar masa kafa:
bututu mai kaurin turmi,
garai kamar kwalba, cike da ruwa,
baki ɗaya a falona, ɗayan a nasa.

Diskas ake ce musu. Faifai-faifai ne,
ja da shuɗi, kamar an zana musu lalle.
Baffa ya ɗauko kakanninsu daga Legas a leda,
a kan cinyarsa, kwana da yini a mota,
bai runtsa ba.
'Yan gata ne. Ruwan burtsatse bai karɓe su ba,
sai su yi baƙi, su rakuɓe a lungu.
Ruwan sama nake tara musu a duro,
in damina ta wuce in tace na Dadin Kowa,
in tsoma yatsa in ji ɗuminsa
kamar mai shirin yi wa jinjiri wanka.

Shekara uku ba mu gaisa ba.
A masallaci yana sahun gaba, ina na uku.
Amma in na kwashi bokiti biyu a nan
ruwansa a can sai ya sauka,
in ya ƙara a can, nawa ya hau.
Da haka nake sanin ya tashi da asuba.
Da haka na san lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi:
kwana huɗu ruwa bai gusa ba
daga inda na ja layi da alli.
Na canja na mu biyu. Ban faɗa wa kowa ba.

Akwai wata ja mai tabo a gefen ido,
'yata Dija ta sa mata suna Dillaliya
don ba ta kwana biyu a gida ɗaya.
Takan shige bututun sannu-sannu
kamar mai ratsa ƙaramar ƙofa da tire a hannu,
ta dawo da ciki fam.
Ashe niƙaƙƙiyar zuciyar sa yake ba su, haɗin Baffa.
Ni har yau haɗin bai zauna mini ba.

Daren da taransifomar unguwa ta ƙone
janaretana ya ƙi tashi.
Kumfa ta ɗauke. Suka taso sama suna haki.
Ina tsaye da tocila, gumi har gwiwa,
sai na ji nasa ya yi tari, ya kama.
Haske ya biyo bututun, kore-kore.
Ɗaya bayan ɗaya suka juya,
suka bi shi,
suka bar ni da akwatin ruwa da hoton fuskata.
Na zauna a ƙasa. Ban san ko haushi nake ji ba
ko hamdala.

Da wuta ta dawo duk sun komo,
ban da Dillaliya. Mako biyu shiru.
Na ce ta zaɓi gida, ba laifi.

Yau da hantsi sai ga ta a bakin bututu,
ta yi duhu, tana tafe da nauyi,
'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar riɗi
sun lulluɓe ta, suna tsotsar fatarta,
ubansu na biye, wani shuɗi na wancan ɓangare.
Na wa ke nan?
Alƙalin da ya raba mana rijiya
ya zo ya raba wannan mu gani.

Na durƙusa, na sa tabarau, ina ƙirgawa a fili
yadda Baffa ke yi:
ashirin da tara, talatin, talatin da ɗaya.

Daga bayan katanga wani ya gyara murya.
"Da biyu," ya ce.
"Duba ƙarƙashin fiffikenta na hagu."

Na duba.