Gidan da Aka Gina Kan Kududdufi

Malama Hansatu ta zana dutsen ƙanƙara a allo,
ta ja layin ruwa daidai wuyansa, ta ce:
abin da kuka sani game da kanku shi ne ɗan tsinin nan,
sauran yana ƙasa, kuma shi ke tuƙa ku.
Muka kwafa. Mu arba'in da bakwai a ajin yamma,
babu wanda ya taɓa ganin teku.

Ni kududdufi na sani.
Na bayan gidanmu a Gwammaja, kore shar da kainuwa.
Shekara uku ana ɗura masa shara da ɓaraguzai,
aka zuba kankare, aka ta da shaguna shida da bene.
Yau a kansa nake haya.
Duk damina bangon ɗakina yana jiƙewa daga ƙasa
har gwiwa, fenti ya kumbura, ya ɓare.
Mai gida ya ce laifin magini ne.
Magini ya ce ruwa ba ya manta gidansa.

A unguwa, Sagiru mai sanyin hali ake ce mini.
Ba na ɗaga murya.
Ni ake kira in raba faɗa a bakin famfo.
Hali zanen dutse, in ji manya,
na yarda, har na ji daɗi.
To wa ke tashina ƙarfe uku na dare
in je in taɓa murfin rijiya, in girgiza kwaɗon,
in kwanta, in sake komawa?
Wa ya mari ɗana ranar da ya shigo da laka har ƙauri,
mari guda, da hannuna,
ni kuwa ina gefe ina kallo kamar maƙwabci?

Ta ce mu uku ne cikin riga ɗaya:
mai so yanzu-yanzu, mai cewa kul,
da wahalallen da ke tsakani yana ba kowa haƙuri.
Tasi'u ya ɗaga hannu: Malama, ai nafsu ce wannan,
tun a islamiyya muka wuce wurin.
Aka yi dariya. Ta ce, rubuta duka biyun.
Ni da na ƙirga nawa sai na sami huɗu.
Na huɗun ba ya gardama.
Shekararsa biyar. Rigarsa a jiƙe.

Ran Talata, Barira na kwashe tuwo,
na buɗe baki in kira Mu'azzam,
sai na ji an ce: Inuwa, zo ka ci.
Mara ta tsaya a hannunta.
Wane ne Inuwa?
Na ce suɓul da baka ne.

Shekara talatin da ɗaya sunan bai bi ta bakina ba.
Ba hanawa aka yi ba a gidanmu. Ba a faɗa dai.
Inna ta naɗe tabarmarsa,
aka jingina buhun gero a wurin.
Ni ne babba. Ni aka ce riƙe hannunsa.
Na saki don in kama fara.
Na kama ta kuwa.
Har yamma tana motsi a tafina,
ana ta zura gora a ruwa.

Jiya na bi ta kan Jakara a adaidaita.
Kwalta sumul, fitilu, mai rake yana fere.
Direba ya ce, ka san har yanzu tana gudu a ƙarƙashinmu?
Na ce na sani.

A jarrabawa aka ce: bayyana ɓoyayyen sashen zuciya, maki ashirin.
Na zana musu dutsensu, na ja layin ruwa.
Da na koma gida an ɗauke wuta.
Na kamo hannun Barira cikin duhu,
na ɗora shi a bango, inda sanyin yake.
Ta ce, za mu sake fenti bayan damina.
Na ce a'a. Zauna.
Ina da ƙane.